Wa'azin da Ya Yi da Babanta

Ranar da ya fara shigowa shagon, tana durƙushe da sifana a hannu, giris har gwiwar hannunta, tana fama da wani noti da ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da keken guragu, cikin farar riga tas kamar ba ƙasa yake takawa ba.

"Sannu da aiki. Mai shagon yana nan?"

"Ga ta a gabanka."

Ya ɗan ji kunya, ita kuma abin ya yi mata daɗi. Keken kakarsa ne, in ji shi, sai ya riƙa ja gefe ɗaya. Ta kifa shi, ta juya tayar sau ɗaya, ta saurara.

"Boris ɗin cikin tayar ne ya ci."

Amma shi ba tayar yake kallo ba. Idonsa na kan bango, inda aka rataye hoton wani dattijo mai furfura, da carbin rosari a jikin ƙusa, da guntun kyandir a ƙasansu.

"Ke Katolika ce?"

"Ni da sifanar duka. In ajiye keken ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Da ya tambayi ladan aiki ta ce masa ba a biya a nan, boris kawai zai saya. Haka marigayi Baba, mai hoton nan, ya bari. Waldar ƙofofi da tagogi ke ciyar da ita da Mama, keken guragu kuwa kyauta ne tun tana ƙarama.

Daga ranar keken kaka ya shiga lalacewa duk mako. Yau birki, gobe wai yana ƙara, jibi wai kaka ta ce kujerar ta karkace. A karo na biyar ta dube shi ta ce, "Tsohuwar nan tsere take yi da shi ne?" Ya sosa ƙeya ya amsa laifinsa.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare, kuma ɗan fasto ne a cocin Furotesta da ke bayan tashar bas. Ita ta sa masa Ɗan Fasto, shi ya sa mata Injiniya. Yakan zo bayan an tashi makaranta, ya zauna kan tsohuwar taya, ya riƙe mata ƙarfe tana walda, su yi ta musu.

Musun kuwa ɗaya ne kullum, sai dai ya canza riga. Shi ya ce ceto kyauta ne, ta bangaskiya kaɗai ake samunsa, ba a sayensa da aiki ko guda. Ita ta ce bangaskiyar da ba ta iya ɗaga mutum daga kujera ya taimaki wani, gawa ce. Ya jawo aya, ta jawo aya. Ya ce ba abin da ayar take nufi ba ke nan, ta ce ai shi komai sai ya yi masa fassara kamar wasiƙar asibiti. Sai su ƙare da dariya, kowa na ganin shi ya ci.

Da safe saƙonsa ke tashinta.

"Injiniyata, barka da asuba. Ina sonki ba don wani aikin kirki da kika yi ba. Kin ga misali ke nan."

Ta mayar masa: "Ɗan Fasto, son da ba ya kawo mini wayar walda in zai zo, ban yarda da shi ba. Kai ma ka ga misali."

Da yamma sai ga shi da wayar walda.

Da ya ba ta zobe maganar aure ta taso, a gida ne aka tsaya musu a wuya. Mama ta ajiye kwanon da take gogewa ta ce, "Mutanen da ke cewa muna yi wa gunki sujada? In na mutu wa zai bar ki ki sa a yi mini addu'ar Misa?" Shi kuma mahaifinsa magana ɗaya ya yi, bai ƙara ba: in yarinyar za ta bar cocinsu ta zo a koyar da ita, bismilla, in ba haka ba a bar zancen.

Ita dai ba ta ji tsoro ba. Ta san iyaye kan yi laushi in sun ga an dage. Kuma ta yarda da shi, yardar da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Shi ya sa ranar da Baba ya cika shekara uku da rasuwa, da ta dawo daga Misar da ta sa aka yi masa, idonta jawur, ya tambaye ta dalilin aikin kyautan nan, sai ta jawo ƙofar shagon ta gaya masa abin da ba a faɗa ko a cikin gidansu.

Baba direba ne a da, kuma yana sha. Wata rana ya tuƙo a buge ya haye wata yarinya 'yar shekara tara da ke hanyar makaranta. Ta rayu, amma ba ta sake takawa ba. Iyayenta ba su kai ƙara ba, an rufe maganar, har mutane suka ɗauka wata mota ce da ta gudu. Baba bai sake taɓa sitiyari ko kwalba ba. Ya koyi gyaran keken guragu a kan keken yarinyar, ya yi shekara ashirin yana yi wa duk wanda ya zo kyauta. Yarinyar ita ce telar da ke ƙarshen layinsu, wadda kowa ke kira Anti Tela.

"Har ya mutu bai daina kuka ba in ya tuna," in ji ta. "Wani lokaci sai in ji tsoro, ko aikin bai isa ba. Shi ya sa ba na fasa yi masa addu'a."

Ya riƙe hannunta mai giris a cikin nasa. "Maganar nan ta mutu a nan," in ji shi.

Bayan wata biyu aka ba shi wa'azinsa na farko a gaban jama'a. Bai gayyace ta ba, wai in ya gan ta zai ruɗe. Ita kuma ta ga ai wannan ce ranar da za ta nuna masa so a aikace. Ta je Misar farko, ta kankare farcenta da buroshi har ya yi zafi, ta sa rigarta mai ruwan toka, ta shiga cocinsu karo na farko a rayuwarta.

A bakin ƙofa shugabar mawaƙa ta tare ta. Wannan ita ce wadda matan cocin suka daɗe da ɗaura wa ɗan fasto a bakinsu, kuma ta ji gwajin wa'azin tun ranar Alhamis.

"A'a, ke ce Injiniya? Zo ki zauna inda za ki ji da kyau," in ji ta da murmushi har kunne. Ta ajiye ta a bayan wani ginshiƙi, inda ake jin komai amma mai wa'azi ba ya ganin mutum.

Ya fara da kyau, har ta ji kanta ya yi girma. Sai ya rufe littafinsa, ya sassauta murya.

"Bari in ba ku labarin wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba."

Tun daga kalmar "direba" ta gane wanda yake nufi. Ya faɗi kwalbar. Ya faɗi yarinyar da shekarunta tara. Ya faɗi shekara ashirin na gyaran keken guragu, har da kukan. Bai bar komai ba, kuma ya iya ba da labari, wannan ne ya fi ci mata rai.

"Shekara ashirin yana ƙoƙarin sayen abin da ba na sayarwa ba ne," in ji shi. "Ya mutu da sifana a hannu, bai taɓa sanin hutu ba. Har yau iyalinsa na ta kai sunansa ana yi masa addu'a, don su ma ba su tabbata ba. 'Yan'uwa, wannan ita ce makomar mai dogara ga ayyukansa."

Coci ya ɗauki "Amin!" Wata mata a gabanta ta karkata ga maƙwabciyarta ta ce, "Ke, ba mai shagon nan na layin 'yan walda ba ne? Ashe shi ya gurgunta telar nan!"

Ta tashi. Kujerar ta yi ƙara, ya ɗago kai, idonsu ya haɗu. Ta ga fuskarsa ta canza. Ta fita ba ta yi gudu ba, don ba ta so a ce ta yi.

Kafin ta kai gida saƙo bakwai sun shigo.

"Injiniyata, don Allah ki tsaya."

"Ban ambaci suna ba."

"Don in taimaki mutane na yi, ba don in ci mutuncinsa ba."

Ta kashe wayar.

Washegari da hantsi ya zo shagon, bai je makaranta ba. Ba ta ajiye gudumar da ke hannunta ba.

"Mutum nawa ne ke gyaran keken guragu kyauta a garin nan?" ta tambaye shi.

Ba ta jira amsarsa ba.

"Na buɗe maka cikina, ka ɗauka ka yi darasi da shi. Duk lokacin da nake kuka kana riƙe da hannuna, ashe rubutu kake yi a ka."

"Ba haka ba ne. Daga baya ne na ga labarin ya dace da..."

"Ya dace!" Muryarta ta fashe. "Ubana ne, ba misali ba ne. To tunda ka sani, gaya mini. Ina yake yanzu? Ka faɗa wa mutum ɗari uku, ni ma faɗa mini."

Mutumin da aya ba ta taɓa yanke masa ba, yau ko ɗaya ba ta zo ba.

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ɗora a kan tsohuwar tayar da yake zama. "Ka tafi da shi. Kada keken kaka ya sake lalacewa."

Maganar ta zaga gari cikin kwana uku. A kasuwa aka tare Mama ana yi mata jaje mai ƙaiƙayi, ta dawo da kwando ba komai ta shige ɗaki. Ba ta ce "na gaya miki" ba, kuma da ta faɗa da ya fi sauƙi. Wani mutum da Baba ya yi wa gyara shekara goma ya tsaya a bakin shagon ya ce, "Ashe bashin jini yake biya da mu." Ta ci gaba da ɗaure noti kamar ba ta ji ba, har sai da ta lura ta murɗe shi ya karye.

Abin da ya fi damunta ma ba bakin mutane ba ne. Duk sanda ta ɗaga kai ta ga hoton Baba, sai muryar ɗan fasto ta dawo mata: bai taɓa sanin hutu ba. Tsoron da ta daɗe tana ɓoyewa ne ya ɗauko ya sa masa lasifika. Ta tsane shi don ya tona, ta ƙara tsanarsa don tana jin wataƙila gaskiya ya faɗa. Layin Anti Tela kuwa ta daina bi gaba ɗaya, don kunya.

Ta je wurin Fada, limamin cocinsu, ta furta cewa ta kasa yafewa. Ya saurare ta, ya ce ta riƙa yi wa saurayin addu'a sau ɗaya a rana ko da haƙora a cije. Ta yi, kuma haƙoran a cije suke.

A mako na uku saƙo ya shigo.

"Yau na tsaya gaban coci na ce na ci amana, kuma na yanke wa mutum hukuncin da ba nawa ba ne. Babanmu ya sauke ni daga wa'azi. Ba don ki dawo na gaya miki ba. Haƙƙinki ne ki sani."

Ta karanta sau uku. Ta rubuta, "Ka kyauta wa kanka," ta goge. Ta rubuta, "Mama har yanzu ba ta zuwa kasuwa," ta aika. Bai ba da amsa ba, kuma wannan ne abu na farko da ya yi daidai.

Wata ranar Asabar da rana tana faci sai ta ji ƙarar taya a bakin ƙofa, ƙarar da ta sani tun tana yarinya. Anti Tela ce, tef ɗin awo a wuyanta. Mai turo ta kuwa shi ne, ya rame, farar rigar ta yi masa yawa.

"Kada ki kore shi, direbana ne yau," in ji Anti Tela. "Kwana huɗu yana zuwa ƙofata neman gafara yana hana ni ɗinki. Na ce sai ya kawo ni nan in yi maganar sau ɗaya, ba ni da bakin maimaitawa."

Injiniya ta durƙusa. "Anti, ki yafe mini. Ni na faɗa masa."

"Za mu zo kanki. Kai, zagayo nan in ga fuskarka." Ya zagayo ya tsuguna. "Ka ce mutumin nan saye yake yi. Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa, Anti. Ni na ɗauka."

"Ka ɗauka. To saurara. Ina da shekara goma ya zo gidanmu ya kwanta a ƙasa gaban kekena yana kuka. Na ce masa na yafe, ya tashi, yana tsorata mini kyanwa. Ya riga ya je wurin Fada ya furta, an gaya masa Allah ya yafe. Duk a shekarar farko aka gama wannan. Sauran sha taran fa, me yake saya?"

Ta gyara tef ɗin wuyanta, ta ci gaba.

"Na taɓa tambayarsa, da na girma. Na ce Baba, ka huta mana, ai an wuce wurin. Ya ce, 'Yarinya, an ba ni abin da ban isa in biya ba. Hannuna ne ya ƙi zama.' Kukan da kuke gani, wani na baƙin ciki ne, ba na musu. Ƙafafuna ba su dawo ba, ya sani, ni ma na sani. Amma mutumin nan yana waƙa in yana gyara. Wanda bai san hutu ba yana waƙa?"

Sai a lokacin Injiniya ta tuna. Waƙar! Kullum yana yinta, murya kamar tsohon zarto, har takan roƙe shi ya yi shiru. Ta yi shekara uku tana tuna kukan, ta manta waƙar. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

"Ku biyun duk kun yi masa ƙarya," in ji Anti Tela, "ɗaya a coci, ɗaya a zuci. Ni kuma an mayar da ni abin nuni a layinmu, amma na saba da kallo. Ke, duba mini birkin nan, tunda na zo."

Injiniya ta share fuska da bayan hannu, giris ya ja mata layi a kumatu. Ta dubi ɗan fasto. Haushin bai tafi duka ba, kuma ba ta yi kamar ya tafi ba.

"Har yanzu zan riƙa sa a yi masa Misa," in ji ta.

"Na sani. Har yanzu ban gane ta ba. Amma ba zan ƙara buɗe baki a kan inda wani yake ba."

"Kuma Mama sai ka je da kanka. Ba ta da sauƙi irin na Anti."

"Zan je."

Ta miƙa masa sifana. Ya dube ta, ya dubi sifanar.

"Wannan ne horona?"

"A'a. Na yafe maka tun kafin ka karɓa. Yanzu karɓi, ka riƙe notin nan."

Ya karɓa da hannu biyu. Anti Tela ta ce in sun gama kallon juna, ita tana da rigunan mutane a gida.

Mama ta bar shi a tsaye a ƙofa sau uku. A na huɗu ta miƙo masa kwando ta ce ya biyo ta kasuwa, ya yi tafiya a gefenta inda kowa zai gani. Ya bi ta rumfa rumfa yana ɗauke da kaya, tana gaisawa da mutane kai a sama. Da suka dawo ta ce masa, "Gobe ka zo da zoben."

Bayan wata biyar aka ɗaura auren a cocinsu na Katolika. Mahaifinsa ya ce ba zai zo ba, kuma har aka fara ba a gan shi ba. Sai da kaka ta aika masa cewa ita za ta je, kuma ba wanda zai tura ta sai ɗan da ta haifa. Haka ya shigo yana turo keken, ya zauna a layin baya, bai durƙusa ba sanda ake durƙusawa. Amma da aka fito ya ɗora hannu a kan amarya da ango ya yi addu'a doguwa, har Fada ya ce amin sau biyu.

Anti Tela ce ta ɗinka rigar amarya, ta kuma ƙi yarda a ce kyauta ce ko ba kyauta ba. Mama ta rungume su tana hawaye. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu riƙe amana. Musun kuma ku riƙa yinsa a hankali, maƙwabta na ji."

Ba su daina ba. Har yau in ka bi ta layin ranar Asabar za ka ji shi yana cewa bangaskiya kaɗai, ita tana cewa miƙo filaya. Hoton Baba na nan a bango da rosarinsa. Ita ke kunna kyandir ɗin. Shi ba ya kunnawa, amma shi ke goge ƙurar gilashin duk safiya kafin ya wuce makaranta.